Inuwata da Ƙafar Surukina

Abubuwa da yawa sun zube mini daga ka tun da gemu ya yi fari, har jikokina sai na kira sunaye uku kafin in dace da na wanda nake nufi. Amma ba zan taɓa mantawa da kakar da na sa garinmu kaf ya yi sallar la'asar kafin lokacinta ba, kwana huɗu a jere. Kuma ba labari aka ba ni ba. Ni ne a gaba ina jan sallar, da rawanina da komai.

Bari in fara da tushen ɓarnar. Ina saurayi mahaifina ya tura ni birnin Kano neman ilimi, na yi shekara shida a can. Mutanen ƙauyenmu, wanda ke tafiyar hantsi daga Ɗambatta, sun ɗauka duk shekarun nan a gaban malami na yi su. Gaskiyar magana, shekara ɗaya da 'yan watanni na yi a zaure. Na san tsarki, na san salla da abin da ke ɓata ta, daga nan yunwa ta ja ni wurin masu bugun tufafin rini. Na kama sandar bugu, ban ajiye ta ba sai da zan taho gida. Na dawo da riga kore da baƙin rawani mai sheƙi (rawanin ma ba saya na yi ba, mai shi ne ya ƙi karɓa saboda na huda shi da duka), ga 'yan kalmomin Larabci da nake barbaɗawa a magana. Kafin wata ya mutu an laƙaba mini Malamin Birni. Ban taɓa cewa ni malami ne ba, Allah ne shaidata. Sai dai ban taɓa cewa ba ni ba ne.

Rawanin nan ne ya samo mini Hansai, don da a ce gonata aka duba da har yanzu ina gwauro. Mahaifinta, wanda har yau ba zan kama sunansa ba, Baba nake cewa, manomi ne mai haƙuri, gajere ƙwarai. Mutanen gari suna da wani suna da suke kiransa da shi saboda tsayin nasa, amma ba a bakina za ku ji ba. Takalmansa in ka gan su a ƙofar masallaci sai ka waiwaya neman yaron da ya manta su. Ni kuwa dogo ne irin wanda ba ya shiga zauren kowa sai ya ranƙwafa, kuma komai na jikina ya bi tsayin. Shekara biyu da auren ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In na hango shi a hanyar gona sai in ratse cikin dawa, in kuma babu wurin ratsewa in tuɓe takalmi in durƙusa, ina gaida ƙasa yana amsa wa sama.

Abu ɗaya Baba yake so a duniya: ya kira salla a masallacin garinmu. Mahaifinsa ne ladan a da, da ya rasu Baba bai gama girma ba, aka ba wani. Tun daga nan shi ke share masallacin, shi ke cika randar alwala, shi ke yaɓe katanga duk bayan damina, bai taɓa buɗe baki ya nemi komai ba. A ƙarshen daminar nan tsohon ladan ya rasu. Sai ga mutum biyu a kan gado ɗaya: Baba, da Tanko maƙeri, wanda in ya yi atishawa a maƙera kajin gida uku ke watsewa.

Limaminmu dattijo ne wanda kakanninsa suka zo daga Barno, mai ƙarancin magana, ba ya dariya sai da ido. Ya ce ladanci ba murya ce kaɗai ba, sanin lokaci ne. Asuba da magariba ido ke gani, azahar ma in rana ta goce kowa ya sani, amma la'asar sai da awo da lissafi. Tanko ya ce shi da gemunsa ba zai zauna cikin yara ba, idonsa ya ishe shi. Baba kuwa ya ɗauki buzunsa ya je zauren Liman, ya zauna a bayan samari sa'annin jikokinsa yana koyon awon inuwa.

Ana cikin haka aka aiko wa Liman cewa malaminsa na Ɗambatta ba shi da lafiya. Zai tafi tare da na'ibinsa, kwana huɗu. Kafin ya hau jaki ya bar wa Baba aiki: kullum ya auna inuwa, ya kira la'asar da awonsa, in ya dawo zai duba. In ya tarar daidai, ladanci na Baba ne. Jan salla kuma wa za a bar wa? Malamin Birni mana.

Liman ya tafi da sassafe. Da hantsi ina jera dammunan gero a rumbu sai Hansai ta leƙo, ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, Baba na zaure." Saura kaɗan in faɗo daga kan tsani. Surukina a zaurena, da ƙafarsa, bai aiko ba! Na ɗauka rasuwa aka yi.

Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Baba, ai da ka aiko na zo."

"Abin ba na aike ba ne, Malam," in ji shi, yana kallon bango ina kallon ƙasa. "Aikin da Liman ya bar mini ne. Ya ce a wannan watan, in rana ta tsaya tsaka, inuwar mutum ƙafa biyu ce. A ƙara bakwai a kai. In inuwa ta kai haka, la'asar ta shiga. Biyu da bakwai tara, wannan bai gagare ni ba, na ƙirga dami ya fi haka. Awon ne. Idon nan ba ya gane inda inuwar kaina ta ƙare, in na daɗe a rana kuma jiri ke ɗibata. In na tambayi yaran zaure dariya suke ƙunshewa. Sai na ce ina da malami a gida, me zai kai ni waje?"

Ku ji fa. Shekara shida a Kano ban taɓa auna inuwar ko akuya ba. La'asar a wurina ita ce lokacin da ladanin unguwa ya yi kira, maigidanmu ya ce a ajiye sanduna. Bakwai ɗin nan ma ban san daga ina ta fito ba. Amma tsoho ya tako har zaurena ya kira ni malaminsa, ga Hansai a bayan zana, na san kunnenta na nan. Na gyara murya na ce, "Ai wannan ƙaramin hisabi ne, Baba." (Har yau in na tuna yadda na ja kalmar hisabin nan sai in ji kamar in mari kaina.)

Bayan azahar muka je masussukar da ke bayan masallaci, fili ne shimfiɗaɗɗe, babu itace kusa sai tsamiya ɗaya a gefe. Baba ya tuɓe takalmi ya tsaya ya ba rana baya. Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya ko kaɗan: in je ƙarshen inuwar in ajiye tsakuwa, shi ya tako ya ƙirga. To amma ƙarshen inuwar ai kan surukina ne. Ni in ɗauki dutse in ɗora a tsakar kan mahaifin matata, ko da a ƙasa ne? Ga masu dawowa daga rijiya suna wucewa, suna ganin dattijo tsaye cikin rana yana layi, ni ƙato ina zagaya shi. Kunya ta hana ni abin da yake daidai, sai ta ba ni wata dabara.

"Baba, ka koma gindin tsamiya ka huta. Ni zan tsaya a ranar, in an jima ka zo ka taka."

Ya ce, "Ina jin kamar Liman ya ce mutum inuwarsa yake aunawa."

"Wannan ga wanda ba shi da mai taya shi ne. Inuwa ai duk inuwa ce, Baba, rana ɗaya ke yin ta. A birni haka manyan ladanai suke yi, ƙarami ya tsaya, babba ya taka."

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Karatu dai da daɗi."

Haka na tsaya ƙiƙam a tsakiyar masussuka kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye, rawanina yana ƙara mini tsayi a kan wanda Allah ya ba ni. Baba ya zo ya sa ƙafarsa daidai da tawa, ya fara takawa, dunduniya na taɓa yatsa, yana ƙirgawa a fili, ni kuma ina kallon sama don kada mu haɗa ido. Zuwan farko bakwai. Ya koma gindin tsamiya ya sha ruwa, ya dawo, takwas da rabi. A zuwa na uku ya ce, "Tara cif!" da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba.

Ya hau ɗan tudun da ke gefen masallaci ya sa yatsu a kunne. Muryarsa siririya ce, tana rawa, amma ta ratsa gonaki, na ga masu cirar gyaɗa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna dafa ƙugu. Da ya sauko idonsa ya yi jawur, ya ce ƙaiƙayi ne ya faɗa masa. Na shiga gaba na ja salla, ina cewa a raina ashe hisabin ma ba wani abu ba ne.

Da na koma gida Hansai ta kawo mini ruwa ta ce, "Malam, yau la'asar ta yi sammako. Kullum sai inuwar rumbu ta taɓa turmi ake kira, yau ko kusa ba ta yi ba." Na ce yanzu turmi ne zai koya wa mutane lokacin salla? Wataƙila wani ya matsar da shi. Ta ce turmin nan tun da aka kawo ta gidan yake a wurin. Na ce mata harkar malamai ce. Ta ce to, Allah ya ƙara ilimi, da irin muryar da take yi in na sayo mata gishiri mai yashi.

Kashegari, ina tsaye a ranar, Baba ya tambaye ni daga gindin tsamiya, "Malam, wai me ya sa bakwai? Me ya hana shida, ko takwas? Liman ya faɗa, amma ranar tari ya sarƙe ni ban ji ba." Tambaya ce mai kyau, da na tsaya na yi tunani a kanta da labarin nan ya ƙare a nan. Ni kuwa na ce sammai bakwai ne, ƙassai bakwai, kwanakin mako bakwai, ina za a je a bar bakwai? Ya jinjina kai ya ce, "Allahu akbar." Ya ce zai gaya wa yaran zaure.

Muna fitowa daga sallar ranar Tanko maƙeri ya ɗaga kai ya kalli rana, ya kalle ni. "Malamin Birni, ni dai jahili ne, amma ƙarfen da nake sawa a wuta bayan azahar yakan zama fartanya kafin la'asar. Yau ko lanƙwasa bai yi ba." Na ce masa ya duba zugazuginsa, wataƙila ya huje. Aka yi dariya, na ci nasara a fili. A ciki kuwa na fara shakka. Turmi zai iya ƙarya, maƙeri zai iya hassada, amma su biyun su haɗu a kan magana ɗaya? Tuwon ranar loma uku na yi na tsame hannu.

Da safiyar rana ta uku na saɓa sanda na ce wa Hansai zan duba wake. Niyyata in taka har Ɗambatta in tambayi Liman a asirce in dawo kafin azahar. Na kai bakin rafi, sai na fara tsara yadda zan yi tambayar. In ce masa me? Malamin Birni ya tako tafiyar hantsi don ya ji inuwar wa ake aunawa? Na tsaya ina kallon ruwa har wani mai jaki ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne. Na juyo gida, waken ma ban duba ba.

Da muka idar da la'asar ɗin ranar na sulale bayan gidanmu, cikin karan gero inda ba mai gani. Na ce bari in gwada da kaina don hankalina ya kwanta. Na tsaya, na ga inuwar kaina ta ƙare a jikin wani kututture, na tako. Bakwai da rabi. Na koma na sake, ina matse yatsu don ƙafar ta ragu. Bakwai da rabi dai. An yi kira, an yi alwala, an yi raka'a huɗu, an shafa addu'a, amma inuwata da ƙafata ba ta ko kusanci tara ba.

Ɗan karatuna na shekara ɗaya ya ishe ni sanin abu guda: sallar da aka yi kafin lokacinta ba salla ba ce. Amma ku ji abin da zuciyata ta gaya mini, kuma na yarda da ita: ai ƙafata ce ta yi girma, ba ƙafar awo ba ce. Ta Baba ita ce daidai, tunda shi Liman ya koya wa. Hujjar nan ta rako ni har bakin ƙofar gida, daga nan ta sake ni.

Na wayi gari da niyyar zuwa in gaya wa Baba mu canza. Ina shirin fita sai ga shi a zaure kuma, rungume da jan zakara. Ya ajiye shi a gabana ya ce, yana kallon bangonsa na kullum, "Malam, ba biya ba ne. Tun da na binne mahaifina ban yi barci mai daɗi irin na kwana ukun nan ba. Yau Liman zai dawo ya tarar da aiki daidai, albarkacinka." Na buɗe baki. Zakaran ya kalle ni, na kalle shi. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Baba."

To tunda baki ya gaza, na ce bari gwiwa ta gyara. Da muka je masussuka na cire rawani na ce zafi, na tsaya na ɗan lanƙwashe gwiwoyi a ƙarƙashin riga, na noƙe wuya, don inuwar ta gajarta lokaci ya ja. Cinyoyina na rawa, ina roƙon Allah ya turo gajimare ko da kamar tafin hannu ne. Baba ya zo, duk da rashin ganin nasa, ya tsaya ya ce, "Malam, cikinka ke ciwo? Miƙe mana, kada ka ɓata mana awo." Na miƙe. Tara cif.

Haka na ja sallar nan. Ina yin sallama na juya, sai ga jaki a bakin masallaci, Liman a kai, na'ibinsa riƙe da igiya. Ashe tun daga rafi suka jiwo kiran. Bai ce wa kowa sannu ba. Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya ba rana baya, ya taka inuwarsa a hankali jama'a na kallo.

"Takwas ba ta cika ba," ya ce. "Wace salla kuka yi?"

Tanko ya yi tari.

Liman ya dubi Baba. "Ka auna?"

"Na auna, Allah gafarta Malam. Tara cif, yau kwana huɗu."

"Mu je ka nuna mini."

Gari ya ɗunguma masussuka, mata na leƙe ta saman danga. Ina ta laɓewa a bayan mutane, abin da mai tsayi irin nawa bai taɓa dacewa da shi ba. Fatana ɗaya, Baba ya tsaya da kansa ya auna tasa. Ina! Ya waiwayo da fara'arsa ya ce, "Malam, zo ka tsaya mana."

Na fito tsakiyar filin. Na tsaya. Baba ya sa ƙafarsa kusa da tawa, ni kuma a karon farko maimakon sama na kalli ƙasa, na ga tasa ta ƙare tun kafin yatsuna su fara. Ya taka yana ƙirgawa, goma sha ɗaya. Ya juya wurin Liman da murna ya ce, "Ka gani, har ta wuce."

Wani ya fara dariya ta hanci, nan da nan ta kama kowa. Tanko har da zama a ƙasa. Liman bai yi ba. Ya ce a saro masa karan dawa dogo. Aka kawo, ya sa na'ibi ya jingina shi a jikina ya karya daidai tsakar kaina, irin yadda ake yi wa mamaci in za a haƙa kabari. (Wata tsohuwa daga bayan danga ta ce, "Wayyo, da ransa?") Aka shimfiɗa karan a ƙasa.

"Taka," in ji Liman. Na taka. Bakwai.

"Kai ma taka." Baba ya taka. Goma saura kaɗan.

"Bakwai ɗin da na ce a ƙara, tsayin mutum ne da ƙafar kansa," in ji Liman. "Dogo bakwai, gajere bakwai, kowa da nasa ma'auni Allah ya halicce shi. In aka haɗa inuwar wani da ƙafar wani, ba lokacin kowa ba ne." Ya juya ga jama'a. "La'asar huɗu ke kanku. Ta yau mu sake in ta shiga, ukun baya kowa ya rama. Maza da mata, duk wanda ya yi salla da kiran nan."

Dariya ta mutu. Manoma ne da suka bar gyaɗa a gona kwana huɗu suna rugowa sallar da ba ta shiga ba. Aka fara gunaguni. Tanko ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "To, Allah gafarta Malam, an dai ga masu sanin lokaci."

Liman ya dubi Baba. "Ni ban koya maka haka ba. Wa ya ce ka auna inuwar wani?"

A nan na kalli fuskar Baba sosai, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa. Ya gane. Ya san wanda ya gaya masa, ya san bakin da ya ce haka ake yi a birni. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Ya sunkuya ya ɗauki takalmansa ya riƙe a hannu.

"Ni ne," ya ce. "Tsufa ne, na rikita abin da ka faɗa. Yaron nan tsayawa kawai na sa shi. A ba Tanko, ya fi ni ido."

Wallahi dariyar gari ba ta yi mini ciwon da maganar nan ta yi ba. Mutum ya share masallaci shekara arba'in yana jiran rana ɗaya, ga shi zai ajiye ta don kada a ce mijin 'yarsa maƙaryaci ne. Na ji tsoro, na ji kunya, amma na fi jin ƙyamar kaina. Na zube a gaban Liman.

"Allah gafarta Malam, ba shi ba ne. Ya gaya mini daidai yadda ka faɗa, ni na juya shi. Na ce haka ake yi a birni, ban kuwa taɓa ganin an yi ba. Jiya ma na gane akwai kuskure na yi shiru."

"A wurin wa ka yi hisabi?"

"Ban yi ba."

"Shekara shidan fa?"

"Ɗaya a zaure. Biyar a wurin bugu."

"Bugun me?" in ji Tanko, kamar bai ji ba.

"Tufafi!" na ce da ƙarfi, yadda na bayan danga ma za su ji, don a gama da ni gaba ɗaya.

Wannan karon har Liman sai da gemunsa ya motsa. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Tsohon nan bai sani ba, ya je ya tambaya. Irinsa nake so ya riƙe mini lokaci. Na ƙara masa kwana bakwai, a gabana. Kai kuwa an tambaye ka, ba ka sani ba, ka ba da amsa. Cewa 'ban sani ba' ya fi ƙarfin bakinka ne?" Hukuncina biyu: in bi gari gida-gida in sanar da mata su rama la'asar, in faɗi dalili da bakina, sannan in riƙa zuwa zaure da buzuna.

Gidajen garinmu a warwatse suke cikin gonaki, kuma kowane gida da tsohuwarsa mai son ƙarin bayani. Kwana biyu ina yawo ina sallama ina cewa, "A rama la'asar huɗu, laifina ne." Wata ta ce in maimaita, kunnenta ba ya ji, na maimaita sau uku kafin in hango 'yan gidan a bayanta suna birgima don dariya. Wata ta miƙo mini zanen rini ta ce tunda na zo, in ɗan buga mata. Hansai kuwa sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda zan gani, ta rama sallolinta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Baba ya cika kwana bakwansa ba kuskure, ya kira salla a garin nan shekara goma sha ɗaya har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma na zauna a zauren Liman a bayansa, shi ke juyowa ya gyara mini in lissafina ya karkace. Bai taɓa tayar da maganar masussuka ba ko da wasa. Bai kuma daina ce mini Malam ba, wanda shi ne ya fi duk hukuncin nauyi.

Abin da na tsinta a ciki ba mai yawa ba ne. Tun daga ranar, ko hanyar kasuwa aka tambaye ni, in ban tabbata ba sai in ce ban sani ba, a tambayi na gaba. Abin haushin shi ne, yanzu da nake faɗin haka sau goma a yini, mutane har daga wasu ƙauyuka suke zuwa da tambayoyinsu, wai sun ji akwai wani malami a nan mai tsantseni, ba ya magana sai da ilimi.